Shayar da Furen Wardi Bayan Yanka Domin Tsawaita Kwanakinsa

Gabatarwa

A watan Fabrairu na shekarar 2022 aka ƙaddamar da filin jirgin saman ɗaukar kaya da ke Kwandere, kusa da garin Lafiya a Jihar Nasarawa. Duk inda aka ambaci jirgin kaya da amfanin gona, zancen fure yakan biyo baya, domin da jirgi ne ƙasar Kenya take kai furen wardi kasuwannin Turai. Ana noma shi a gonakin da ke kewaye da tafkin Naibasha, a loda shi a filin jirgin Nairobi, ya sauka a ƙasar Holan inda babbar kasuwar gwanjon fure ta Aalsmeer take. Ƙasar Habasha ma ta bi sahu tun farkon shekarun 2000.

Sai dai ya kamata manomi ya san bambancin da ke tsakaninmu da su. Naibasha tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,900 daga gaɓar teku, dare yana da sanyi, saboda haka wardi yakan yi dogon kara da babban kai. A Nijeriya, tsaunin Jos mai tsawon kimanin mita 1,200 yana cikin wuraren da suka fi kusa da wannan yanayi, kuma daga can ne yawancin ɗanyen wardin da ake nomawa a Arewa yake fitowa. Ƙasar Lafiya kwari ce mai zafi. Wardi yana yi a lambunanta, amma kansa yakan yi ƙanƙanta, karansa gajere, kuma yakan buɗe da wuri. Don haka kasuwar da ke gaban manomin Kwandere a yau ita ce ta kusa: masu ƙawata wurin biki, majami'u, otal-otal da ofisoshi a Lafiya, Makurɗi da Abuja. Fitar da fure waje sai da ɗakin sanyi, da mota mai sanyi, da takardar shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar killace amfanin gona ta ƙasa.

Ko kai ka noma furen, ko saro shi ka yi daga Jos, matsalarka guda ce. Mai saye yana son furen da zai yi kwanaki a tsaye. Idan ya saya da safe, la'asar ta yi kan furen ya sunkuya, ba zai dawo ba. Furen roba zai koma saye, wanda ba ya neman ruwa. Wannan darasi zai bayyana dalilin da ya sa wardi ke yaushi alhali yana tsaye cikin ruwa, da matakan da za a bi a hana hakan da kayan da ake samu a kowace kasuwa.

Yadda kara ke shan ruwa

A cikin karan wardi akwai ƙananan bututai masu yawa, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye da fure. A bayan kowane ganye kuma akwai ƙananan ƙofofi da ruwa ke fita ta cikinsu ya bi iska. Wannan fitar ruwan ita ce ke janyo wani daga ƙasa, kamar yadda mutum ke zuƙar lemo da tsinke. Da rana ƙofofin a buɗe suke, da dare kuwa sukan rufe ko su tsuke.

Da zarar an yanke kara daga jikin uwarsa, ganye ba ya daina fitar da ruwa. Lissafin mai sauƙi ne: in ruwan da ke shiga ta gindin kara ya kai wanda ke fita ta ganye, fure zai tsaya da ƙarfinsa. In wanda ke fita ya fi yawa, sai yaushi. Wurin da ya fi saurin nunawa shi ne ɗan wuyan da ke ƙarƙashin kan furen, domin bai riga ya yi itace ba, ruwan da ke cikinsa ne kawai ke riƙe da shi. Shi ya sa ake ganin kan wardi ya lanƙwasa kamar mai gyangyaɗi tun ganyensa suna kore. Furen da wuyansa ya lanƙwasa ya jima a haka ba ya ƙara buɗewa.

Abin da ya kamata malamin gona ya dasa a zuciyar manomi shi ne: yawanci ba rashin ruwa a bokiti ke kashe wardi ba, toshewar bututan nan ne. Abubuwa biyu ke toshe su, iska da ƙwayoyin bakteriya.

Iska ita ce ta farko. Ruwan da ke cikin kara a ɗame yake saboda jan da ganye ke yi masa. Wuƙa na ratsa karan sai ruwan ya ja baya, iska ta bi shi ta cika bakin bututan. Gwargwadon daɗewar kara a waje ba ruwa, musamman cikin rana, gwargwadon yadda lamarin ke ƙara muni. Sa'ar da aka yi ita ce yawancin bututan gajeru ne, iskar takan tsaya a 'yan santimita na farko. Wannan ne ya sa sake yanke gindin kara yake da amfani ƙwarai.

Bakteriya ta fi iska ɓarna, domin ita hayayyafa take yi. Bakin karan da aka yanka yana tsiyayar da ɗan abinci cikin ruwa, ganyen da ya nutse yana ruɓewa, bokitin jiya da ba a wanke ba yana ɗauke da iri. Cikin zafi irin na Lafiya ƙwayoyin nan sukan ninka cikin ɗan lokaci, su taru a bakin kara tare da yauƙin da suke fitarwa, su liƙe shi. Binciken da Wouter van Doorn da abokan aikinsa suka yi a Wageningen ta ƙasar Holan a shekarun 1980 da 1990 ya nuna cewa idan yawansu ya kai wajen miliyan 10 a cikin mililita ɗaya na ruwa, shan ruwan karan wardi yakan ragu sosai. Kafin ido ya ga ruwa ya yi gurɓi, ko hanci ya ji wari, ɓarnar ta riga ta fara. Taɓa gindin kara da yatsa. In ka ji santsi, to an makara da sauya ruwa.

Lokacin yanka da matakin nuna

A yanki wardi da sassafe, kafin rana ta ɗaga, lokacin da kara yake cike da ruwan da ya sha cikin dare kuma jikinsa da sanyi. In ba a samu dama ba, a bari sai yamma liƙis. Kada a yanka da tsakar rana. Yana da kyau a yi wa lambun ban-ruwa da yammacin ranar da ta gabata.

Matakin da ƙullin fure ya kai yana da muhimmanci. Ga ja da mai launin hoda, a jira sai ƙananan korayen ganyen da ke rungume da ƙullin sun juya baya, falle ɗaya ko biyu na furen sun fara sakin jiki. Rawaya ana iya yanka shi kafin wannan mataki kaɗan, fari kuwa a ɗan ƙara masa lokaci. Masu sayarwa da yawa sukan yanka ƙulli yana dunƙule tamau, a tunaninsu zai fi daɗewa. Kuskure ne. Irin wannan ne ya fi saurin lanƙwasa wuya, domin wuyan bai ƙosa ba, kuma sau da yawa yakan mutu bai buɗe ba.

A yi amfani da almakashin lambu ko wuƙa mai kaifi, mai tsabta. Dakusasshen ƙarfe murƙushe bututan yake yi. A bar aƙalla ganye biyu masu 'ya'ya biyar-biyar a jikin reshen da ya rage, domin daga nan sabon toho zai fito.

Ka shiga lambu da bokitinka a hannu, da ruwa a ciki. Kana yanka kana tsomawa. Kada ka tara fure a hammata ko ka shimfiɗa shi a kan kunya har ka gama zagaye. A ganina, a cikin duk abin da za a karanta a wannan darasi, babu wanda ya kai wannan arha, kuma babu wanda aka fi sakaci da shi.

Bokiti da ruwa

A ware bokitan roba domin fure kawai. Bokitin ƙarfe bai dace ba, saboda tsamin da za a sa a ruwan yana cin ƙarfe. Bayan kowane amfani a wanke da sabulu da soso, a ɗauraye da ruwan bilic, a kife ya bushe. Kada a cusa jiƙaƙƙen bokiti cikin wani. Ma'aunin da nake ba manoma shi ne: bokitin da ba za ka yarda ka sha ruwa a cikinsa ba, bai cancanci fure ba.

Ruwan sama da aka tara cikin tsabta ya fi kowane. Na famfo da na rijiyar burtsatse suna yi, sai dai wani ruwan ƙasa yana da gishiri-gishiri ko kanwa-kanwa, irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, kuma irin wannan yakan buƙaci ƙarin tsami. Ruwan rafi da na kududdufi a guje su, ko da an ga sun kwanta. Zurfin santimita 10 zuwa 15 ya isa. A cire duk ganyen da zai shiga cikin ruwa, amma a bar na sama. Game da ƙaya, in mai saye bai matsa ba a bar ta. Kankare ta da wuƙa yana yi wa bawon kara rauni, kuma kowane rauni ƙofa ce ga bakteriya. In dole ne, a karya tsinin kawai.

Tsofaffin littattafai suna ba da shawarar ruwa mai ɗumi. An rubuta su ne a ƙasashen sanyi. Bincike na baya ya nuna cewa ruwa mai sanyi ma yana taimaka wa karan da ya sha iska, domin iska ta fi narkewa a cikinsa. A yanayinmu, ruwan randa mai sanyi ya fi, ko na bokitin da aka jefa wa ƙanƙara, tun da ɗumi bakteriya yake yi wa daɗi.

Ruwan shayarwa na farko

Ruwan da fure zai fara sha bayan yanka aikinsa guda ne, ya cika kara da sauri ba tare da ƙwayoyin cuta ba. Ba a sa masa sukari. Abu biyu ake bukata, mai kashe bakteriya da ɗan tsami, domin ruwa mai tsami ya fi saurin bin bututan kara, kuma bakteriya ba ta jin daɗinsa. Manyan gonaki sukan kai tsamin ruwan wajen 3.5 zuwa 4 a ma'aunin pH.

Hanya mafi sauƙi ita ce bilic na wanki, irin su Hypo da Jik. A duba jikin roba ko leda a ga ƙarfinsa. Yawancin wanda ke kasuwanninmu kashi 3.5 cikin 100 ne. A wannan ƙarfi, mililita 1.5 a kowace lita ta ruwa ya wadatar. Wato babban cokali biyu a jarka mai lita 20. Sirinjin da ba a taɓa amfani da shi ba, wanda aka cire wa allura, ya fi cokali daidaito. Kada a ce ƙari zai fi. Bilic mai yawa yana ƙone gindin kara ya mayar da shi fari, ganye kuma su lalace. A tuna cewa ƙarfinsa yana gushewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka ruwan jiya ba ya aikin yau.

Hanya ta biyu ita ce alif, wanda mata ke jefawa a ruwa ya kwantar da laka. Danginsa ne manoman wardi na Holan da Kenya suka daɗe suna amfani da shi. Yana sa ruwa tsami, yana kwantar da datti, yana rage bakteriya. A fara da kimanin rabin giram a lita, wato giram 10 a jarka mai lita 20, a daka shi ya narke sosai. Idan aka ga ganye na bushewa ko zubewa, a rage. Ruwan alif na sa'o'in farko ne, ba a bar fure ya yi kwanaki a cikinsa.

Wanda ya samu garin sitirik, irin wanda masu yin lemo da zoɓo na sayarwa ke saye a shagunan kayan haɗi, sulusin giram a lita yakan isa ga ruwa mai kyau. In babu, ruwan lemon tsami da aka tace yana maye gurbinsa.

Gargaɗi: kada a taɓa haɗa bilic tsantsa da lemon tsami, ko garin sitirik, ko alif a kofi ɗaya. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu. A fara cika bokiti da ruwa, a zuba ɗaya a gauraya sosai, sannan a zuba ɗayan, a waje ko inda iska ke ratsawa. A kiyaye kayan daga yara.

Bayan an kawo fure daga lambu, a sake yanke santimita 2 zuwa 3 daga gindin kowane kara, a tsoma nan take. In an yi yankan a cikin ruwa mai tsabta ya fi, amma in kwanon yankan zai yi datti bayan dami biyu a ci gaba da amfani da shi, gara a yanka a waje a tsoma da sauri. Sai a ajiye bokitin a ɗaki mafi sanyi, mai duhu, nesa da fanka da taga, na aƙalla awa huɗu. In zai kwana ya fi. Duhu yana sa ƙofofin ganye su rufe, shan ruwa ya rinjayi fitarsa. Bayan nan ne ake ware tsawo, santimita 40, 50 ko 60, a ɗaure dami-dami na goma ko ashirin.

Zafi

Fure da aka yanka yana da rai, yana numfashi, yana ƙona ɗan sukarin da ya tara. Duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin wannan ƙonawa sau biyu zuwa uku. Wardi ya fi son a ajiye shi tsakanin digiri 0 da 2 a ma'aunin santigireti. A Lafiya, daga Fabrairu zuwa Afrilu, zafin rana yakan wuce digiri 35. Abin takaici, ranar 14 ga Fabrairu da ake kira ranar masoya, wadda wardi ya fi tsada a cikinta, tana faɗowa ne daidai lokacin da busasshiyar iskar hunturu ba ta gama tafiya ba, zafin bazara kuma ya fara. Busasshiyar iska da zafi, su biyun, suna zuƙe ganye fiye da kowane lokaci na shekara.

Ƙaramin manomi ba shi da ɗakin sanyi, amma ragin digiri biyar ma riba ce. Dabarar randa cikin randa, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tana aiki a kan wannan ƙa'ida: ruwa na bin iska yana tafiya da zafi. Ana iya yin irinta da rumfar da aka kewaye da jiƙaƙƙen buhun algarara, ko ɗan ɗakin bulo mai bango biyu da yashi a tsakiya, irin wanda Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Ilorin ke koyarwa. Da rani take aiki sosai. Da damina, da iska ta riga ta cika da laima, amfaninta kaɗan ne.

Firjin gida yana yi in akwai wuta, da sharaɗi biyu. Kada fure ya taɓa bangon da ke yin ƙanƙara, kuma kada a haɗa shi da 'ya'yan itatuwa. Ayaba, mangwaro, gwanda da tumatir masu nuna suna fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda ke tsofar da fure, ta hana wasu irin wardi buɗewa yadda ya kamata, ta zubar da fallayensu. Hayaƙin janareta, na mota da na itace ma suna ɗauke da ita.

Wata al'ada kuma ta masu kayan miya ba ta dace da wardi ba. Mai alayyafo yakan yayyafa wa kayansa ruwa, kuma daidai ne. Kan wardi in ya jiƙe ya kwana, wata fumfuna mai launin toka takan kama shi. Takan fara da ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a fallayen waje, daga baya kan ya ruɓe gaba ɗaya. Da damina ta fi yawa. Ruwa ta gindi wardi ke sha. Har ila yau, furen da ya girma cikin laima mai yawa, kamar a rufaffiyar rumfar leda da iska ba ta ratsawa, ƙofofin ganyensa ba su iya rufewa da kyau, saboda haka yakan yi saurin yaushi ko da an yi masa komai daidai bayan yanka.

Daga Jos zuwa Lafiya

Ga mai sarowa, hanya ita ce wurin hasara. Tafiyar ta fi kilomita 200, ta Hawan Kibo, Akwanga da Nasarawa Eggon, kuma da an gangaro daga tsauni zafi yake ƙaruwa. Kafin ka biya kuɗi ka tambayi mai lambu yaushe ya yanka, kuma awa nawa furen ya yi a ruwa. Matsa ƙullin a hankali: mai ƙarfi ya ƙoshi, mai taushi yana jin ƙishi ko ya tsufa.

Furen da ya sha ruwa ya ƙoshi yana iya yin wannan tafiya a kwance cikin kwali ba ruwa. A naɗe kan kowane dami da takarda, a jera kai da ƙafa, a huda kwalin ta gefe. Robar ruwa da ta daskare, a naɗe da jarida, a sa a tsakiya, tana rage zafi. Leda ba ta dace ba, domin gumi yakan taru a ciki ya jiƙa fure. A taso da asuba. Kada a ɗora kwalin a saman mota, ko a but kusa da salansa, ko a kan kwandon tumatir. Ni kaina, ina ɗaliba, na taɓa sa damin wardi a bayan gilashin mota na tafiyar awa uku, na iso da abin da ya fi kama da dafaffen rama.

Da isowa, kafin a yi komai, a yanke santimita 3 zuwa 5 daga gindi, a tsoma cikin ruwan shayarwa, a ba shi awa huɗu a duhu. Mai ƙawata wurin biki ya tsara furensa ya iso kwana ɗaya kafin taro saboda wannan. A ce ka saro kara 200, guda 40 suka lanƙwasa kafin a jera su. Kashi ɗaya cikin biyar na jarinka ke nan ya tafi, alhali kuɗin bilic da zai tsare su bai kai na kara ɗaya ba.

Wanda ya fara sunkuyawa ana iya ceto shi in an yi sauri. A sake yanke gindin, a naɗe kara da kansa tamau cikin jarida yadda wuyan zai miƙe, a tsayar da shi cikin ruwa mai zurfi har kusan rabin kara, a bar shi awa biyu zuwa uku a wuri mai sanyi. In bai tashi ba, a fitar da shi daga cikin sauran.

Ruwan kwalba a hannun mai saye

A nan ne sukari yake shigowa. Ƙullin fure yana bukatar abinci kafin ya buɗe ya yi launi, ganyensa kuma ba sa iya samar da isasshe a cikin ɗaki. Ga lita ɗaya ta ruwa: ƙwayar sukari biyu zuwa uku, wato giram 10 zuwa 15, babban cokali biyu na tataccen ruwan lemon tsami, da mililita 1.5 na bilic, kowanne a gauraya shi da ruwan kafin a zuba na gaba. Kada sukari ya wuce giram 20 a lita, domin wardi ba ya jure da yawa, ganyensa sukan bushe su yi ƙaras-ƙaras. Kuma sukari ba tare da bilic ba ya fi ruwa zalla illa, tun da bakteriya aka ciyar. Farin lemon kwalba mai sukari, kamar 7Up, kashi ɗaya a kashi uku na ruwa, da bilic ɗin nan, yana yin aikin sukari da tsami a tare. Asfirin da tsabar kuɗi da wasu ke jefawa ba abin dogaro ba ne.

A gaya wa mai saye ya sauya ruwan duk kwana biyu, da bazara kullum, ya wanke kwalbar, ya ɗan rage gindin kara, kada ya ƙara sabon ruwa a kan tsoho. Ya nisanta kwalbar daga rana, fanka, bakin na'urar sanyaya ɗaki da saman talabijin. Rubuta wannan a 'yar takarda a maƙala a dami yana da amfani.

Kada a yi wa mai saye alkawarin da yanayi ba zai cika ba. Kwanaki 7 zuwa 12 da ake ambata wa wardi mai kyau an auna su ne a ɗaki mai digiri 20. A ɗakin da ya kai digiri 30 kwanakin za su ragu sosai, ko da an bi duk ƙa'ida.

Gwajin nuni ga malamin gona

Manomi ya fi yarda da abin da idonsa ya gani. A samo robobin ruwa guda biyar masu girma ɗaya, a yanke bakinsu, a wanke. A yanko kara goma sha biyar na wardi iri ɗaya, masu tsawo ɗaya da yawan ganye ɗaya, a safiya ɗaya. Roba ta farko a sa ruwa zalla, da kara uku da aka tsoma nan take. Ta biyu ruwa zalla, amma a bar karanta uku a inuwa awa biyu kafin a tsoma, ba tare da an sake yanka ba. Ta uku ruwa da bilic. Ta huɗu ruwa da sukari kawai. Ta biyar cikakken haɗin sukari, lemon tsami da bilic. A jera su wuri ɗaya, a ja layi a jikin kowace roba daidai bakin ruwa.

Kowace safiya manoma da kansu su duba abu uku su rubuta: nawa ruwan ya sauka daga layi, yaya launinsa, kuma kara nawa suka sunkuya. Saukar ruwa ita ce shaidar kara yana sha. A ranar da aka cire kara, a ba kowa ya taɓa gindinsa ya sansana. A maimaita gwajin sau ɗaya da hunturu, sau ɗaya da damina, da ruwan da mutanen ƙauyen suke amfani da shi, domin ruwan wata rijiya zai nemi ƙarin lemon tsami fiye da na wata. Sakamakon da aka rubuta a miƙa shi ga ofishin shiyya na Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Nasarawa, tare da sunan irin wardin, ranar yanka da inda aka ɗebo ruwan.